Wa ya taɓa ƙera hannun haƙa a bayan tarakta?

Sani Kura: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wajen manyanmu masu walda da kanikawa. Muna da tarakta Massey Ferguson 375 ta gidanmu, da an gama huɗa da haro sai ta koma gindin bishiya ta zauna. Ga magudanan ruwan gonakinmu a Kadawa, duk shekara laka da ciyawa sai sun toshe su, hayar katafila kuma ta fi ƙarfinmu, mai ita ma ba ya yarda ya ɗauko ta saboda aikin yini guda. Ina ganin bidiyon mutane a waje suna ƙera hannun haƙa da bokiti su maƙala a bayan tarakta. Shin abin zai yiwu a nan da kayan Kofar Ruwa, ko in haƙura?

Oga Ɗanladi Fanteka: Wa alaikumus salam ƙanena. Zai yiwu mana. Mu da muke ƙera tirela da injin casa da bodin tifa, hannun haƙa ne zai gagare mu? Ƙarfe huɗu ne: babban hannu, ƙaramin hannu, bokiti, sai ƙafafu biyu da ake kafawa a ƙasa. Ka samo jak ɗinka na haidirolik, wato silindar da mai ke turawa ta motsa hannun, da tiyo, sauran aikin namu ne.

Baba Audu Tantan: Ɗanladi ka cika saurin cewa zai yiwu. Sani ɗana, tun zamanin kamfanin haɗa tarakta na Steyr a Bauchi nake tuƙa tarakta, kuma na ga wadda aka tsaga mata baya da irin wannan dabara. Ka bar motar gidanku ta yi aikin da aka yi ta dominsa.

Injiniya Bashir: Baba, da girmamawa, ai asalin abin ma a bayan tarakta aka haife shi. Kamfanin Wain-Roy na jihar Massachusetts a Amurka ne ya fara sayar da hannun haƙa mai haidirolik a 1948, kuma a jikin ƙaramar tarakta Ford 8N aka ɗaura shi, wadda ƙarfinta bai kai rabin na 375 ba. JCB ta Ingila ta fito da nata a 1953, shi ma jikin tarakta ne. Amma maganar tsagewar baya gaskiya ce, kuma a ganina nan ne duk muhawarar take. Hannun ba shi ne abin tsoro ba, inda zai kama jikin taraktar ne.

Sani Kura: Injiniya ai na ɗauka a inda ake maƙala garma za a sa shi, wato hannaye biyun ƙasa da sandan sama. Haka na gani a bidiyon.

Injiniya Bashir: To bari mu yi lissafi, Malam Sani. Tsakanin fin ɗin ƙasa, wato ƙusar ƙarfen da ke riƙe hannayen ƙasa, da fin ɗin sandan sama, tazarar wajen santimita 60 ce. Bokiti kuma idan ka miƙe hannun zai kai mita 3 daga bayan taraktar. Mita 3 ka raba da santimita 60, biyar kenan. Ma'ana duk tan ɗaya da bokiti ya danna ko ya ɗaga a can, sandan sama zai iya jin kusan tan biyar. Ka ɗauki bokitin ruwa kusa da cinyarka, sannan ka miƙe hannu da shi, kafaɗarka za ta ba ka labari. Ƙafafun da Oga Ɗanladi ya ambata suna rage wani abu, amma ba sa ɗauke shi duka, musamman idan haƙori ya kama saiwa ko marmara ka fizga. Kuma wurin da sandan saman yake kamawa ƙarfen zubi ne, ba ya lanƙwasa ya yi maka gargaɗi, fashewa yake yi lokaci guda.

Baba Audu Tantan: Yauwa. Abin da na gani kenan da idona. Murfin da ke ƙarƙashin kujerar direba ya dare, mai yana tsiyaya, noti biyu sun tsinke a ciki. Mai motar ya yi ta yawo da ita wajen masu walda, kowa ya liƙe ta sake buɗewa, ƙarshe sai na Beljiyam ya nemo. Damina ta wuce shi a garejin.

Oga Ɗanladi Fanteka: Baba wannan mai waldar ne bai iya ba. Amma na ji, ƙarfen zubi ba abin wasa ba ne, ni ma ba na son a kawo min shi. To Injiniya, kamfanoni ai suna sayar da na maƙalawa a wurin garma, su ba su san lissafin ba ne?

Injiniya Bashir: Suna sayarwa, kuma su ɗin ma suna sa sanduna masu kulle hannayen ƙasa don kada su motsa, wasu masu ƙera tarakta kuma suna gargaɗi a kan irin wannan ɗauri. Akwai abu na biyu da ya fi tsagewa muni a Massey. Tsarin Ferguson ta sandan sama yake jin nauyin garma: idan garma ta nutse ta yi tauri, sandan ya danna wani sifirin a ciki, sai haidirolik ya ɗaga ta da kansa. Wannan dabara ce mai kyau a wajen huɗa. To amma ka ɗora hannun haƙa a nan, mutum yana zaune a kujerarsa a bayan taraktar, bokiti ya danna ƙasa, taraktar ta ɗauka garma ce ta kafe, ta ɗago komai sama. Idan akwai rumfa ko ƙarfen kariya a samansa, tsakani za ta matse shi. An rasa rayuka ta wannan hanya a ƙasashen da ake yawan amfani da su. Shi ya sa shawarata a yi masa shimfiɗa tasa daban: dogayen ƙarafa biyu su bi ta ƙarƙashin taraktar, a ɗaure su da noti a jikin gidan aksil na baya, su wuce har gaba inda ramukan noti suke a gefen inji. Sai hannun ya zauna a kan wannan shimfiɗa da fin huɗu. Nauyin ya bazu a tsawon motar, sandan sama babu ruwansa.

Sani Kura: Innalillahi. Wallahi wannan na ɗagawar ban taɓa kawo shi a raina ba.

Oga Ɗanladi Fanteka: Shimfiɗar ba ta da wuya, shasin tsohuwar mota zai yi ta. Amma ka sani Sani, da ita a jiki taraktar za ta rage tsayi daga ƙasa, kunya mai tudu za ta riƙa gogarta. Sai dai a yi ta yadda za a kwance idan damina ta zo.

Mamman Talata Mafara: Salamu alaikum. Mu nan wajen Bakolori matsalarmu guda da ta mutanen Kadawa, don haka ina biye da ku. Ni tambayata ga mai ne. Wanga famfo na cikin taraktar da ke ɗaga garma, ba ya isa ya tuƙa hannun? Don in sai an sayi wani famfo, kuɗin sun ƙaru ke nan.

Injiniya Bashir: Malam Mamman zai motsa shi, amma za ka yi barci kana jira. Famfon ɗaga garma na 375 yana da matsi sosai, sai dai man da yake turawa bai kai lita 20 a minti ba, wajen 16 zuwa 17 ne, shi ma sai an taka inji. Ɗauki jak mai faɗin ciki milimita 80 da tafiyar santimita 60, lita 3 yake sha kafin ya miƙe. Da famfon taraktar daƙiƙa 11 kenan, jak ɗaya kawai. Haƙa ɗaya kuwa sai ka motsa babban hannu, ƙarami, bokiti, ka juya, ka zubar, ka dawo. Ga shi man nan shi ne dai na giya, duk ƙurar da ta bi ta jak ɗin ta shiga, cikin giyar taraktar za ta sauka. Abin da ya fi shi ne famfo daban a kan shaf ɗin PTO, wato sandan nan mai juyawa a bayan tarakta. Shaf ɗin yana juyi 540 a minti, ka sa ƙaramin giyabos mai ninka shi uku ya koma 1,620, famfo mai tura cc 22 a kowane juyi zai ba ka kusan lita 35. Jak ɗin nan ya koma daƙiƙa 5. Kuma ƙarfin da zai ci a matsin bar 160 bai wuce doki 13 ba, taraktar mai doki 75 ko a jikinta.

Mamman Talata Mafara: To madalla. Tankin mai fa?

Injiniya Bashir: Kada ya gaza abin da famfon ke turawa a minti ɗaya, a zafinmu ma gara ya ɗara, lita 50 zuwa 60. Matata a layin dawowa, raga a layin tsotso, tiyon tsotso ya zama mai kauri kuma gajere, tankin ya ɗan fi famfon tudu.

Oga Ɗanladi Fanteka: Tanki kam kada wanda ya kawo min tsohuwar tukunyar gas ko durom mai tsatsa ya ce in huda. Falange sabo za a naɗe, a wanke cikinsa tas, don ƙwayar walda ɗaya ta isa ta cinye famfo. Batun jak kuma, Sani, ina da na tifa guda biyu a shago, in ba ka da sauƙi.

Garba Haidirolik: Oga Ɗanladi, a gafarce ni, na tifa ba zai yi ba. Shi hanya ɗaya yake aiki, mai ya tura shi sama, nauyin bodi ya dawo da shi. Hannun haƙa kuwa yana son mai turawa da ja, wato mai bakin tiyo biyu. A nemi na tsohuwar katafila ƙarama, ko na fokalif, ko na motar kwasar shara. Kuma kafin ka biya, Malam Sani, ka zaro sandan gaba ɗaya ka bi shi da farce. Idan farcenka ya maƙale a wani ƙarci ko ramin tsatsa, ajiye shi, duk sil ɗin da ka sa sai ya yanka. Ka kwantar da shi a kan tebur mai santsi marar tudu ka mirgina, in ya yi rawa a lanƙwashe yake. Ni aikina kenan kullum, rabin jak ɗin da ake kawo min daga gwangwan kuɗin gyaransu ya kusa na sabo.

Oga Ɗanladi Fanteka: To Garba ka kashe min ciniki a bainar jama'a, Allah ya isa tsakanina da kai, hhh.

Garba Haidirolik: Oga na san za ka sayar wa mai tifa kafin Juma'a. Guda nawa ake bukata ma? Babban hannu ɗaya, ƙarami ɗaya, bokiti ɗaya, ƙafafu biyu, juyawa ɗaya ko biyu. Shida ko bakwai kenan, da bawul mai liba shida. Wannan bawul ɗin shi ne ba na ba da shawarar a saya tsoho, kuma lallai ya kasance da bawul ɗin sakin matsi a jikinsa, a saita shi da geji, ba da kunne ba. Na juyawar ma yana son nasa, don idan hannu ya ɗauko laka cike ka saki liba ya tsaya cak, nauyin bai tsaya ba, tiyo ko fin ne zai biya.

Hajiya Mairo Mai Kifi: Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na gane lissafinku, amma in kun ƙera ina cikin masu haya. Ina so in ƙara tafkin kifi biyu a gonata. Zai iya?

Baba Audu Tantan: Hajiya kada su ruɗe ki. Rami mai tsawo zai yi, tafki kuwa wahala ce. Shi wannan ba ya zagayawa gaba ɗaya kamar katafila mai sarƙa, rabin da'ira yake yi in ya yi da yawa. Ƙasar da ya haƙo nan gefensa zai tara ta, ba ya iya kai ta nesa. Ya haƙa kaɗan, direba ya sauko, ya ɗage ƙafafu, ya hau gaba, ya matsa, ya sake saukowa. Kafin ki samu tafki kin sayi gas ɗin da ya isa hayar babbar.

Injiniya Bashir: A nan ina bayan Baba ɗari bisa ɗari. Magudanar ruwa, ramin bututu, harsashin katanga, salga, tuge kututture, waɗannan aikinsa ne. Zurfin mita 2 ya ishe shi, kuma ina roƙon Malam Sani kada kwaɗayi ya sa a ƙara tsawo. Duk santimitar da ka ƙara, lissafin nan na sau biyar ƙaruwa yake.

Hajiya Mairo Mai Kifi: To shi kenan, ramin bututun da zai kawo min ruwa daga rijiyar burtsatse ma aiki ne. Ku dai yi.

Oga Ɗanladi Fanteka: Bari in faɗi nawa ɓangaren tunda injiniyoyi sun gama. Kafin a yanka ƙarfe ko ɗaya, da katako nake fara yi. A yanko falanki daidai tsawon kowane hannu, a huda, a sa ƙusa a madadin fin, a shimfiɗa a ƙasa. Sai a ɗauko sanda biyu, ɗaya tsawon jak a rufe, ɗaya tsawonsa a buɗe, a riƙa gwadawa har a ga inda kunnuwan za su zauna bokiti ya naɗe sosai ya kuma buɗe ya zubar. Shi ya sa sai an sayi jak tukuna, hannun ake yi wa jak, ba jak ake nema wa hannu ba. Ƙarfen kuma bututu mai kusurwa huɗu, kaurin milimita 6 zuwa sama. Ba na son shasi a hannun, ramuka sun yi masa yawa kuma ba ka san gajiyar da ya kwaso a hanya ba. Wajen fin nan ne ake gane mai aiki. Masu juyi su yi maka gidajen fin da bushin, ka zura doguwar sanda madaidaiciya ta ratsa duka biyun kafin ka ɗiga walda, ka yi nan kaɗan can kaɗan kana juya sandan da hannu. Da ka ji ta fara kamawa, tsaya ya huce. Wanda ya zuba wuta gefe ɗaya ya gama, da guduma zai sa fin, kuma wata uku ramin ya zama ƙwai. Kowane fin da bakin giris ɗinsa. Tsohon sandan jak ɗin da Garba ya ce a ajiye, shi ne fin mai kyau, kada a yar. Haƙoran bokiti kuma sifirin ɗin babbar mota, amma a ɗumama shi kafin walda in ba haka ba ya ɓalle.

Injiniya Bashir: Oga da wace sandar walda?

Oga Ɗanladi Fanteka: Na san inda za ka. Ba geji 12 ta ƙofa da taga ba. Mai lamba 7018 ce, a cikin kwalinta a rufe, in ta sha iska a gasa ta. Kuma da injin DC nake ƙona ta, irin naɗin gida ɗin nan ba ya riƙe ta da kyau. Facin ƙarfafawa ma ba na yanke bakinsa a miƙe, sai in fiƙe shi, kuma ba na ratsa walda a ƙetaren bayan hannu, nan tsaga take farawa.

Injiniya Bashir: To ba ni da abin ƙarawa, ranka ya daɗe.

Garba Haidirolik: Ni ina da. Jak ɗin milimita 80 da ake ta ambato, a bar 160 tan 8 yake turawa. Ranar gwaji kada yara su taru, kowa ya ja baya, a fara da matsi kaɗan ana ƙarawa. Kuma don Allah kada wanda ya nemi inda tiyo ke yoyo da tafin hannu. Hudar da ido ba ya gani tana harba mai ya shige ƙarƙashin fata, ka ga ɗan tabo kamar ƙaya ta soke ka, kwana biyu yatsa ya ruɓe. Kwali ake karawa. Wanda tsautsayi ya faɗa masa, asibiti a take, a gaya wa likita man haidirolik ne ya shiga, aikin tiyata ne ba na man zafi ba. Tiyo kuma mai waya biyu, a matse bakinsa da inji, ba a ɗaure da kilif ɗin tiyon ruwa ba. In za a tashi aiki a sauke bokiti ƙasa, kada a bar shi a sama ana shiga ƙarƙashi.

Mamman Talata Mafara: Allah shi kyauta. Tafiya bisa hanya fa, gaban motar ba ya tashi?

Baba Audu Tantan: Yana tashi mana. Nauyin nan duk a bayan taya yake rataye, sitiyari sai ya zama kamar babu. Sai an loda ƙarfe a gaba, a kulle hannun da fin kada ya yi lilo, a haɗa birki biyun wuri ɗaya. Hawan gaɓar magudana kuma da baya ake yi. Ni dai har yanzu ina kan bakata, Sani. Ku haɗa kuɗi ku da maƙwabtan gonarku ku ɗauko katafila sau ɗaya a shekara, ta yi muku duka a kwana biyu. In taraktar nan ta samu matsala a watan shuka, ba Ɗanladi ne zai ciyar da gidanku ba.

Sani Kura: Baba na ji, kuma zan kai wa su Alhaji maganarka yadda ka faɗe ta, don motar ba tawa ce ni kaɗai ba. Sai dai haɗa kuɗin nan mun gwada, kowa so yake a fara da tasa gonar. Abin da na tsayar yanzu: in za a yi, da shimfiɗa za a yi, famfo daban, zurfi mita 2. Zan fara jin farashin famfo da giyabos da bawul, in sun fi ƙarfina maganar ta mutu tun ba a yanka ƙarfe ba. Yaya Garba, bokitin wane faɗi kake gani?

Garba Haidirolik: Wannan na Oga ne.

Oga Ɗanladi Fanteka: Biyu za a yi. Na haƙa santimita 30 zuwa 40 mai haƙora, na yashe laka kuma mai faɗi marar haƙora, a huda masa ramuka ruwa ya tsiyaye. Lakar fadama tana liƙewa, don haka bakin ya fi gindin faɗi kaɗan in ba haka ba da shebur za ka riƙa fitar da ita. Kuma kada ka turo min hoton taraktar ka ce in auna, ramukan notin da ke gefen inji da na gidan aksil da tef zan bi su da kaina. Ka gama da Garba tukuna, jak ɗin su zo hannu, sannan ka kira ni mu sa rana.

Mamman Talata Mafara: In kun kai ga gwajin katakon ku ɗauko muna bidiyo. Tawa Mahindra ce, ina son in ga ko awon shimfiɗar zai zo ɗaya.

Oga Ɗanladi Fanteka: Ba zai zo ɗaya ba Malam Mamman, hannun ne kawai za ku iya yin iri guda. Shimfiɗa kowace mota da tata.